Naƙudar Damisa

Kaji nake kiwo a wani gidan gona a bayan Zariya, da 'yan bishiyoyin mangwaro da gwaiba. Tun da aka fara yanka mana waya ana kwashe buhunan abinci na gane maigadi ɗaya da tocila ba za su wadatar ba, sai na ajiye karnuka biyu. Macen, wadda muke kira Damisa, ruwa biyu ce: ubanta irin karnukan Jamus ɗin nan ne masu tsayayyun kunnuwa, uwarta kuma karyar farauta ce ta gida mai dogayen ƙafafu. Da ta ɗauki cikin fari na nemi wanda zai yi mini bayanin abin da ke tafe, kowa na tambaya sai ya ce ai karya ba a yi mata ungozoma. Galibi gaskiya ne. Ni dai tawa ta faɗo cikin 'yan kaɗan ɗin da ba haka ba, kuma abin da ya fitar da mu shi ne ma'aunin zafi, da agogo, da lambar wayar likitan dabbobi.

Cikin karya wata biyu ne da 'yan kwanaki, kimanin kwana 63. Sai dai likita ya ja kunnena cewa ranar barbara ba lallai ita ce ranar da ciki ya shiga ba, domin maniyyin kare yana iya yin kusan mako guda da ransa a jikin mace. Saboda haka in daga barbara ake ƙirga, haihuwa tana iya zuwa ko yaushe tsakanin kwana 58 da 68. Na rubuta ranar da gawayi a bangon sito, kusa da inda muke rubuta ranar rigakafin kaji.

A watan farko babu wani abin a zo a gani. Nonuwanta sun yi ja sun ɗan tasa, cin abincinta ya ragu na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Likita ya ce wannan duk ba hujja ba ce, don wata karyar takan nuna alamun ciki kaf, har ruwan nono ya zo, ta riƙa tattara tsummokara tana kwanciya a kai, alhali babu komai a mararta. Abin da ke yanke gardama sikanin ne, wanda yake nuna bugun zuciyar 'ya'ya tun wajen kwana 25 zuwa 30. Shi kuma hoton ƙashi ba ya nuna komai sai an wuce kwana 45, lokacin da ƙasusuwansu suka fara tauri, kuma an fi son a yi shi a makon ƙarshe. Na ɗan yi ƙorafin kuɗin, amma na kai ta. Likita ya ɗaga hoton a haske yana ƙirga kawuna da ƙashin baya, ya ce bakwai ne. Wannan lambar ta yi mana rana daga baya, don ba don ita ba da mun ɗauka an gama haihuwa tun ana tsakiyarta.

A makonni uku na ƙarshe ne 'ya'yan suke yin mafi yawan girmansu, a nan ne kuma ake ƙara abinci, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, domin ciki ya riga ya danne tumbi. Ni da na saba da kajin ƙwai, hannuna bai san wani gata da ya wuce garin ƙashi da ɓawon kawa ba, sai na tambayi likita ko in riƙa barbaɗa mata. Ya ce a'a da babbar murya. Bayaninsa shi ne, in aka cika wa mai ciki sinadarin kalsiyam daga waje, jikinta yakan yi sanyi wajen ciro nasa daga ƙashi, to ranar da shayarwa ta kankama buƙata ta yi yawa, sai jikin ya kasa, jijjiga ta kama ta. Abinci mai kyau ya wadatar, ƙarin kuma sai bayan haihuwa in an ga dalili.

Maigadinmu, wanda kowa ke kira Baba, tsohon mafarauci ne, ya yi shekaru yana yawon daji da karnuka. Ranar da ya ga na riƙe jelar Damisa ina sa mata ma'aunin zafi a dubura, na shafa masa man kaɗanya, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Alhaji, mu a zamaninmu karya takan shige ƙarƙashin rumbu da dare, da safe sai dai mu ji kukan 'ya'ya."

Na ce, "Baba, waɗanda suka shiga ba su fito ba fa?"

Ya ɗan yi shiru, ya ce akwai su, ba a dai ƙirgawa.

Dalilin awon shi ne, zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin 38 da 39 a ma'aunin Salshiyas. In naƙuda ta kusa, sinadarin da ke riƙe ciki yakan faɗi, zafin jiki ya bi shi ya sauka zuwa wajen 37 ko ƙasa da haka, kuma daga nan yawanci ba a cika awa 24 ba a fara. Saukar ba ta daɗewa, takan koma daidai, shi ya sa ake awo safe da rana da dare a makon ƙarshe. Mai awo sau ɗaya a yini yana iya wuce ta bai sani ba. Shi ma Baba yana da nasa alamun, kuma ban raina su ba: ciki ya sauka, kwiɓi ya faɗa, ta fara tono a inda ba ta saba ba.

Wuri kuwa ɗakin rainon 'yan tsaki muka share, tunda babu kowa a ciki. Muka kewaye lungu ɗaya da katako gajere, muka shimfiɗa kwali da buhuna da tsofaffin zannuwa. Lokacin hunturu ne, sanyin Zariya na asuba kuwa ba sai an gaya wa kowa ba. Kwikwiyo sabon haihuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, a makon farko yana son wurin kwanciyarsa ya kai 29 zuwa 32, kuma in ya yi sanyi ba ya iya narkar da nono ko da ya sha. Tukunyar gawayin da muke sa wa 'yan tsaki na ƙi ta saboda hayaƙi a rufaffen ɗaki. Robobin ruwan ɗumi muka naɗe da tsumma. A gefe na ajiye tawul, zare, sabuwar reza, aidin, safar hannu, da littafin da nake rubuta lissafin ƙwai.

Wata safiya ma'auni ya nuna 36.9. Da la'asar ta ƙi abinci, har da kan kazar da ba ta taɓa juya wa baya ba, ta yi amai sau ɗaya. Daga magariba ta shiga haki kamar ta yi gudu, jikinta yana ɗan rawa, ta shiga lungun ta yamutsa zannuwa, ta fito, ta zo ta dafa mini gwiwa da kai, ta koma. Wannan shi ne matakin farko, lokacin da bakin mahaifa yake buɗewa, kuma daga waje ba a ganin yunƙuri. Yakan ɗauki awa 6 zuwa 12, a mai haihuwar fari ma yana iya kai wa yini da kwana. Babu abin da mutum zai yi a nan sai ya rage haske, ya kori 'yan kallo, ya ajiye ruwan sha. Yaran gona sun so su tsaya a taga, Baba ya kora su, don ya ce karya in ta ga ido ya yi yawa riƙe naƙudarta take yi. Likita ya tabbatar mini da hakan daga baya.

Wajen sha biyun dare faya ta fashe, ruwa garai-garai ya jiƙa buhu. Na duba launinsa da tocila da kyau, domin likita ya gargaɗe ni a kan abu ɗaya: in aka ga kore ko baƙi-baƙi kafin ɗan fari ya fito, to mabiyiyar wani ta rabu da mahaifa, numfashinsa ya yanke ke nan, kuma ba a jira. Bayan ɗan fari ya fito kuwa koren ba komai ba ne, launin mabiyiyar kare ke nan.

Sai yunƙuri na gaske ya fara. Ta kwanta a gefe, cikin ya ɗaure tamau, jela ta ɗaga, ta saki, ta sake. Ba a yi minti ashirin ba wani abu mai sheƙi kamar leda cike da ruwa ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa, sannan ya sulluɓo gaba ɗaya. Damisa ta juya ta dube shi kamar ba daga jikinta ya fito ba. Ina shirin miƙa hannu Baba ya riƙe mini riga. Sai ga ta ta sa haƙori ta yage jakar, ta shiga lasarsa da ƙarfi tana juya shi, har na ji tsoron za ta ji masa ciwo. Ya yi atishawa, ya buɗe baki, ya saki wata 'yar ƙara siririya. Ta tauna cibiyar ta yanke, ta haɗiye mabiyiyar. Na rubuta lokaci a littafi, na sa alama biyu: ɗa ɗaya, mabiyiya ɗaya. Ana ƙirga mabiyiya ne saboda wadda ta maƙale a ciki tana iya ruɓewa ta jawo zazzaɓi. Cinta ba laifi ba ne, amma in ta ci da yawa zawo take sa ta, don haka daga ta biyu na riƙa ɗaukewa.

Na biyu da ƙafafun baya ya zo. A wurin mutane wannan abin tashin hankali ne, a wurin karnuka kuwa kusan huɗu cikin goma haka suke zuwa, muddin ƙafafun a miƙe suke. Na uku ya biyo baya da sauri tun tana fama da na biyu, ta bar shi a cikin jakarsa ba ta kula ba. Wannan karon Baba bai riƙe ni ba. Na yage jakar ta wajen hanci da yatsa, na share masa baki da hanci, na riƙe shi kansa yana ɗan kallon ƙasa, na goge shi da tawul da ƙarfi daga wuya zuwa gindi har ya yi kuka. Yaron gona ya ce a wurinsu lilo ake yi da ɗan akuya don ruwa ya fita. Likita ya riga ya hana ni wannan, ya ce yana iya fasa jini a ƙwaƙwalwar kwikwiyo. Na ɗaure cibiyar da zare kamar faɗin yatsa ɗaya daga ciki, na yanke ta bayan ƙullin, na ɗiga aidin.

Na huɗu ya zo lafiya, sannan komai ya tsaya. Ta kwanta tana shayarwa, numfashinta ya daidaita, har ta sha ruwa. Baba ya miƙe ya kaɗe riga ya ce an gama, Allah ya raya. Na nuna masa littafi na ce saura uku. Hutu a tsakiyar haihuwa ba baƙon abu ba ne. Tazarar da aka saba gani tsakanin ɗa da ɗa rabin awa ce zuwa awa ɗaya, kuma uwa tana iya hutawa har awa biyu in ba yunƙuri take yi ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne yunƙuri mai ƙarfi na minti 30 babu abin da ya fito. Wannan bambancin, tsakanin mai hutawa da mai fama, shi ne duk ilimin da na koya a daren.

Wajen ƙarfe uku da rabi ta koma yunƙuri. Na duba agogo. Minti goma, ashirin. Tana nishi, tana juyawa tana lasar bayanta, tana tashi tana tsugunawa kamar mai jin kashi. Na sa safar hannu na shafa mai na taɓa bakin hanya a hankali, ban ji kai ba, ban ji ƙafa ba. Yaron gona ya matso ya ce, "Oga, akwai allurar naƙuda da muke yi wa akuya in ta gaza. Mai kemis ɗin bakin titi yana da ita, in na buga masa ƙofa zai buɗe." Da minti talatin suka cika na kira likita, na gaya masa har da shawarar yaron.

"Alhaji, kada ku kuskura ku yi mata allurar nan. Nawa suka fito? Na ƙarshe ƙarfe nawa? Ruwan da ke fita wane launi ne, yana wari? Dasashinta ja ne ko ya yi fari?"

Na amsa masa daga littafi. Ya ce in sa ta a mota, in haɗo da 'ya'yan a kwali da robar ruwan ɗumi, mu haɗu a asibitinsa.

A kan allurar nan nake so in tsaya, domin ita ce na ga ta fi yawo a hannun mutane. Sunanta oksitosin, aikinta kuma matse mahaifa. Haihuwa takan tsaya ne ta hanya biyu. Wani lokaci hanya a buɗe take, mahaifar ce ta gaji ko ba ta fara aiki da ƙarfi ba, kamar yadda yake faruwa ga mai 'ya'ya da yawa, ko mai ɗa ɗaya tak, ko wadda kalsiyam ɗin jininta ya yi ƙasa. A nan likita yana iya ba da kalsiyam a hankali ta jijiya yana sauraron zuciya, sannan ya bi da allurar kaɗan. Wani lokacin kuma mahaifa tana aikinta, ɗa ne ya toshe hanya, ko don girma, ko don ya zo a gicciye, ko ƙugun uwar ya yi ƙunci. In aka yi allurar a wannan hali, mahaifa za ta matse a kan abin da ba zai fita ba, tana iya yagewa, kuma matsin yana ɓamɓare mabiyiyar waɗanda ke baya su mutu a ciki. A yi haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Daga tsaye a bakin ƙofa da tocila babu mai iya rarrabe waɗannan biyun, sai an sa hannu an kuma yi hoto. Mai kemis ba zai tambaye ka ko ɗaya ba.

Ana kiran assalatu muka isa. Likita ya sa yatsa ya ce wuyan ɗan yake ji, kansa ya lanƙwashe baya, kafaɗa ce ta tokare hanya. Ya gwada juya shi bai juyu ba. Ya ɗora na'urar sikanin a cikinta. Mahaifar karya reshe biyu ce da suka haɗu a hanya ɗaya, kuma na biyar ɗin ya tsaya ne daidai mahaɗar, ya tare na hagu da na dama. Zuciyarsa ta riga ta tsaya. Sauran biyun suna bugawa, amma ƙasa da 180 a minti, alhali ɗan da ke cikin lafiya yakan haura 200. Ya ce tiyata, yanzu. Ya faɗi kuɗin, na ji shi har cikin raina, na ce a yi.

Ban shiga ba. Na je masallacin unguwar bayan na sauya riga da wadda ke cikin mota, don tawa duk jini ce. Wani da muka yi sahu tare ya ji abin da ya kawo ni, ya dube ni ya ce duk wannan a kan kare? Ban ja da shi ba. Malamanmu na Malikiyya dai sun karantar da mu cewa mai rai tsarkakakke ne, an kuma yarda a ajiye kare don gona da kiwo da farauta, kuma dabbar da ka ɗaure a gidanka haƙƙinta yana wuyanka.

Da na dawo na tarar da ma'aikatan biyu kowanne riƙe da tawul yana murza kwikwiyo. Ɗaya ya yi kuka nan da nan. Ɗayan ya daɗe laƙwas, harshensa ya yi shuɗi-shuɗi, wata ma'aikaciya tana zuƙe masa majina da 'yar roba tana murzawa ba ta fasa ba, har ya ja wani dogon numfashi da baki a buɗe, ya sake ja, launin harshen ya fara komawa ja. Shida ke nan cikin bakwai.

Aikin bai ƙare a asibiti ba. Uwar da ta farfaɗo daga allurar barci, musamman mai haihuwar fari, tana iya ƙin 'ya'yan da ba ta ga fitowarsu ba, har ta cije su, saboda haka a yinin farko ba mu bar ta ita kaɗai da su ba. Mu muke ɗora biyun ƙarshen a nono da hannu, domin dakashi, nonon farko mai ɗauke da garkuwar jiki, hanjin kwikwiyo ba ya iya ɗaukar amfaninsa sosai in an wuce yinin farko. Na ci gaba da awon zafinta kullum. Ruwan biƙi ya fara da kore, ya koma ja-ja mai duhu, ya riƙa raguwa cikin makonni, kuma hakan daidai ne muddin babu wari. In ya yi ɗoyi, ga zazzaɓi, ga ƙin abinci, ta kuma daina kula 'ya'ya, to mahaifa ta kamu, sai asibiti. Nonuwan ma ina taɓa su ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda ya yi tauri da zafi. Ita kuwa jijjigar da likita ya tsoratar da ni a kanta, an fi ganinta a mako na biyu zuwa na huɗu, lokacin da 'ya'ya suka fi zuƙa, kuma ta fi kama ƙananan karnuka masu 'ya'ya da yawa. Takan fara da haki da rashin natsuwa, sai tafiya ta sandare, sai karkarwa da zafin jiki, kuma tana kisa cikin awoyi in ba a kai ga likita ba. Damisa ba ta yi ba, amma ta ci abinci kusan ninki uku na da, kuma duk da haka haƙarƙarinta sun fito.

'Ya'yan kuwa a sikelin awon abincin kaji nake ɗora su kowace safiya. Mai lafiya yakan ninka nauyinsa cikin kimanin kwana goma, wanda kuma ya tsaya cik ko yake kuka ba ƙaƙƙautawa shi ake ware wa nonon baya, don ya fi ruwa. Idanunsu sun buɗe a mako na biyu, lokacin da aka cire wa uwar zare aka kuma ba su maganin tsutsa na farko, domin tsutsar ciki tun a mahaifa take shigarsu. Rigakafin zawon jini ya biyo baya daga mako shida, na haukan kare kuma a wata uku.

Da zancen ciki na gaba ya taso, likita ya ce zuwan ɗa a karkace tsautsayi ne, ba dole ya maimaitu ba, amma in ba kiwon karnuka nake nufin yi ba gara a cire mata mahaifar, ta huta da ciki, ta kuma tsira daga ciwon ruɓar mahaifa da ke kama karyai in sun manyanta. Baba ya ce sam, jinin farauta irin na uwarta ba a yanke shi, kuma tuni tsofaffin abokan dajinsa biyu suka aiko a ajiye musu masu dogayen ƙafafun. Ba mu gama wannan gardamar ba. Kafin mu gama na sa an ƙara wa kejin namijin tsawo, an kuma sa masa kwaɗo.